Jinjina ga Malaman Ragon Laka

Idan Babbar Sallah ta matso, akwai malaman nazare da kan ajiye alli su shimfiɗa tabarma, su kawo laka da karan dawa. Su nake yi wa jinjina.

Ɗan shekara uku ba ya ɗaukar dogon bayani. Ta hannu karatu ke shigarsa. Malama za ta ba shi curin laka ta ce ya gina ragon layya. Yana mulmulawa yana lanƙwasa ƙaho, yatsun da za su riƙe fensir suna ƙara ƙwari. Ya ƙirga ƙafafu huɗu, ya ji labarin Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila daidai hankalinsa. Ko ragon ya fito a karkace, ba ta karɓewa ta gyara masa, kuma a ganina wannan haƙurin shi ne ainihin gwanintarta.

Da kara kuma a haɗa doki irin na Hawan Daushe, a yi masa ado da ƙyallayen da aka roƙo wajen tela.

Albashin yawancin malaman nan bai taka kara ya karya ba, amma sau da yawa daga aljihunsu suke sayen gam da takarda, kuma su ne ke share ajin bayan an tashi.