Daren Kiɗa a Alkahira: Abin Ɗauka da Abin Bari

Jama'a, tun watannin baya samarin zangonmu ke ta kawo maganar a kafa musu daren kiɗa, watau a ware rana guda wadda makaɗa za su riƙa taruwa suna wasa a gaban mutane. Dattawa kuwa suka ce a dakata tukuna, don sun san abin da kan biyo bayan kalangu idan dare ya raba. Gardama ta yi tsawo, kowa ya kafe a kan tasa. To, mu dai mun ga ya kyautu mu duba yadda aka yi wannan abu a wani gari, mu auna shi da ma'auni na gaskiya. Garin da muka zaɓa shi ne Alkahira ta ƙasar Masar, inda 'ya'yanmu da yawa suka yi karatu a Azhar, ba kuwa wanda zai ce mutanenta ba su san malanta ba.

Mu fara da Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975. Kowa ya san muryarta, amma ba kowa ya lura da dabararta ba. Shekara da shekaru, in lokacin wasanninta ya kama, takan fito ranar Alhamis ta farkon kowane wata, rediyon Masar kuma ya watsa wa duniya. Waƙa biyu ko uku take yi a dare, kowace ɗaya takan kai awa guda ko fiye, tana maimaita baiti ɗaya tana juya shi har masu sauraro su ƙoshi. Ba a bukatar sanƙira ya yi shela. Mai shayi ya san ranar, mai tuƙin mota ya san ta, matan aure a ƙauye sun san ta. Wannan shi ne darasi na fari: abin da ke raya kiɗa a gari shi ne tsayayyar rana, kamar yadda kasuwa ke ci ranarta ba tare da an aika wa kowa goron gayyata ba.

Bayan zamaninta, makaɗan da ba su da suna sun daɗe ba su da wurin tsayawa sai gidan biki da manyan otal. A 2003 wani injiniya, Muhammad al-Sawi, ya nemi izini ya share wani juji da ke ƙarƙashin Gadar 15 ga Mayu a unguwar Zamalik, bakin kogin Nilu, ya gina zauren wasa. Ya sa masa suna Sakiya, watau abin nan mai juyawa da ake ɗebo ruwan ban-ruwa da shi, don tunawa da littattafan mahaifinsa Abdul Mun'im al-Sawi masu wannan suna. Ya kafa doka: ba giya, ba taba. Kusan kowane dare akwai wasa, kuɗin shiga kuma bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Ƙungiyoyin samari masu jita da ganga, irin su Wust al-Balad da Cairokee da Masar Igbari ta Iskandariya, sun yi ta hawa dandamalin nan tun sunansu bai kai ko'ina ba.

Mun yaba wa wannan aiki, don ya nuna ana iya raba kiɗa da mashaya. Uba ya bar 'yarsa ta je, ya kuwa yi barcinsa. Amma fa akwai abin cewa. Waɗansu masu fasaha sun yi kukan cewa masu wurin kan sa ido ƙwarai a kan abin da za a faɗa a dandamali, har su hana abin da bai yi musu ba. Mu a ganinmu hana batsa daidai ne, amma in mai zaure ya zama shi kaɗai ne alƙalin kowace kalma, mawaƙi zai koma yi wa mai gida waƙa, jama'a kuwa su tashi da kunne wofi. Mawaƙin da ba zai iya yi wa mai kuɗi zambo ko ya faɗa wa shugaba gaskiya ba, rabin harshensa aka yanke.

Wuri na biyu ya fi kusa da mu, shi ne Makan, ɗan ƙaramin ɗaki a titin Sa'ad Zaglul, wanda Ahmad al-Magrabi ya kafa cibiyarsa a 2002. A nan ƙungiyar Mazahir ta shafe shekaru tana wasa kowace Laraba. Kiɗansu shi ne zar, wanda in Bahaushe ya ji ba sai an yi masa tafinta ba, don ɗan'uwan kiɗan bori ne: kiɗan da ake yi wa mai iskoki, akasari mata, har jikinta ya saki. Mata ne ke jan ragamar ƙungiyar, babbarsu ana kiranta Ummu Samih. Suna kaɗa bandiri manya da ƙanana. Akwai mai tambura, ba irin tamburan sarakunanmu ba, wata aba ce mai tsirkiya kamar garaya amma da faɗi. Akwai kuma mai ɗaure da ɗamarar kofaton awaki, wadda suke kira mangur, yana girgiza ƙugu tana ba da amo kamar caki.

Abin da ya sa kiɗan nan ke kama mutum, ginin sa ne. Sukan fara a hankali, murya ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, bandiri ɗaya yana riƙe da tushe. Sa'an nan na biyu ya shigo ya gitta wa na farko, na uku ya cike gurbin da suka bari, saurin yana ƙaruwa kaɗan kaɗan yadda mai sauraro ba zai ce ga inda aka canja ba, sai dai ya ga ƙafarsa tana motsi. Wannan gwaninta ba a samunta da gwajin kwana uku kafin Salla. Hannun da ke kaɗawa kowane mako tare da abokansa shi ke sanin numfashinsu. Ƙanƙantar ɗakin ma ta taimaka: makaɗi na ganin idon mai kallo, ba a dogara ga lasifika ba, in an huta a sha shayi tare.

To, ga inda muka sami aibi. An ciro zar daga cikin gidajen da aka haife shi, aka bar yanka da hawan iska a waje, aka zuba sauran cikin awa biyu aka sa masa tikiti. Dattawanmu za su ce madalla, an zubar da tsakuwa an bar tsaba, mu ma ba mu musa ba. Amma duba masu zama a kujerun: baƙi ne daga Turai da Amurka, da 'yan boko na Alkahira. Talakawan da kakanninsu suka riƙe wannan kiɗa ba su cika zuwa ba. An tserar da kiɗan daga mutuwa, gaskiya ne, an kuma mayar wa tsofaffin matan nan da mutuncinsu bayan an daɗe ana yi musu kallon matsafa. Duk da haka kiɗan da 'yan unguwa ba sa ji, 'ya'yansu kuma ba sa koyo, ya zama kamar tsohuwar riga a akwati, ana fito da ita a nuna wa baƙo a mayar.

Marigayi Zakariyya Ibrahim, wanda ya rasu a 2024, ya fi kusa da gane wannan. Mutumin Fot Sa'id ne. A 1989 ya tara tsofaffin makaɗan simsimiyya, ƙanwar tamburar da muka ambata, waɗanda masunta ne da masu ƙananan sana'o'i, ya kafa ƙungiyar al-Tambura. Suka riƙa wasa kowane mako a garinsu, a gaban mutanensu, kafin duniya ta san su. A 2000 ya kafa cibiyar al-Mastaba a Alkahira, daga baya aka buɗe ɗan zauren al-Damma a unguwar Abidin inda ƙungiyoyinsa ke karɓa-karɓa ranar Alhamis. Shi ne ya nemo Hasan Bargamun, tsohon da ya iya kaɗa rango, wasu itatuwa ne jere bisa goruna da mutanen Sudan suka shigo da su Masar, bayan an ɗauka abin ya ɓace. Ya kuma sa yara koyo a hannun tsofaffi. Wannan tsari shi muka fi yarda da shi: gida tukuna, sa'an nan waje.

Akwai kuma gargaɗi ga samari masu cewa a fita fili kawai a kafa lasifika. A watan Afrilu na 2011 aka fara wani taro a dandalin Abidin mai suna al-Fann Midan, Asabar ta farkon kowane wata, kyauta, dubban mutane na zuwa. A 2014 hukuma ta hana izini, abin ya mutu. Mu ma nan mun ga irin wannan. Ankara ta yi tashe da kiɗan hailaif tun zamanin E. T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos a shekarun 1950, amma da aka sa dokar hana fitar dare bayan juyin mulkin ƙarshen 1981, ta kuma wuce shekara biyu, makaɗa suka watse, waɗansu suka yi Legas, waɗansu Jamus da Ingila. Ranar kiɗa in ta yanke, ɗinke ta da wuya.

Saboda haka ga shawararmu. Ku samari, ku bar mafarkin babban taro mai cin kuɗin shekara a dare ɗaya. Ku nemi ɗaki mai ɗaukar mutum hamsin, ku tsai da rana, ku riƙe ta ko mutum biyar ne suka zo. A fara bayan Isha, a tashi kafin sha ɗaya. A sa ɗan kuɗin shiga wanda mai tura baro zai iya biya, a rubuta shi a littafi, a raba wa makaɗa a gaban shaidu, don kada abin ya koma roƙo da liƙi. Ku fara da mai goge da mai kalangu da mai gurmi da ke cikinmu, sa'an nan masu jita su hau, kowa ya zauna ya saurari ɗan'uwansa.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku da ladabi. Yaran nan suna jin kiɗa ko kun yarda ko ba ku yarda ba, a wayoyinsu da wuraren da idonku ba ya kaiwa. Tsohon mai gogen unguwarmu kuwa ba shi da almajiri ko ɗaya, ranar da ya kwanta dama waƙoƙin da kakanninmu suka taho da su daga Kano da Katsina da Gobir a kan hanyar fataucin goro za su bi shi kushewa. Ku ba da zauren, ku sa dokar giya da lokaci, ku aiko mutum biyu su zauna a gaba. Amma ku bar wa mawaƙi bakinsa, in ya yi batsa a tsawata masa, in ya faɗi gaskiya mai ɗaci a haƙura.

Za a kawo maganar a taron ƙungiya mai zuwa. Wanda ke da ja a kan abin da muka faɗa, ya rubuto, za mu buga.

Allah ya sa mu dace, amin.