Kau da Ido ko Girmama Bambanci: Tarken Hanyoyi Biyu na Rage Ƙyamar Launin Fata a Amurka

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne tarken hanyoyi biyu waɗanda masana da hukumomin Amurka suka daɗe suna jayayya a kansu dangane da rage ƙyamar da wani jinsi ke yi wa wani saboda launin fata. Hanya ta farko tana cewa a bar maganar launi ɗungum, a ɗauki kowane mutum bisa halinsa da aikinsa. Ta biyu kuwa tana cewa a dubi bambancin, a ambace shi, a kuma girmama tarihi da al'adun kowace al'umma.

Turawa sun laƙaba wa hanya ta farko sunan da ke nufin makantar launi. A nan za mu kira ta aƙidar kau da ido, dalili kuwa shi ne makaho bai gani ba, amma mai kau da ido ya gani, sa'an nan ya juya. Wannan bambanci na ma'ana shi ne ginshiƙin tarken da za mu yi. Hanya ta biyu za mu kira ta aƙidar girmama bambanci. Abin da muke son nunawa shi ne, kuskure ne a ɗauke su tamkar kishiyoyin da tilas a saki ɗaya kafin a zauna da ɗaya, domin kowace tana da muhallin da ya dace da ita.

2.0 Asalin Aƙidojin Biyu

A shekarar 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Homer Plessy, wanda aka kama a jihar Louisiana don ya zauna a taragon jirgin ƙasa na farar fata. Alƙalai bakwai suka halatta wariya, alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya saɓa musu, yana mai cewa tsarin mulkin ƙasar bai san launi ba. Sai a 1954 kotun ta haramta wariya a makarantun gwamnati. A jawabinsa na birnin Washington a 1963, Martin Luther King ya yi fatan zuwan ranar da za a auna 'ya'yansa da halinsu maimakon fatarsu. Ke nan a farkon al'amari kau da ido makami ne a hannun wanda aka zalunta.

Daga baya sai makamin ya sauya hannu. Da gwamnati da jami'o'i suka fara ba baƙar fata wani fifiko don cike giɓin da bauta da wariya suka bari, masu adawa da wannan tsari sai suka kafa hujja da maganar Harlan ɗin nan. Jayayyar ta kai ga hukuncin watan Yuni na 2023, inda Kotun Ƙoli ta hana Jami'ar Harvard da ta North Carolina yin la'akari da launi wajen ɗaukar ɗalibai.

Ita kuwa aƙidar girmama bambanci ta tsiro ne daga gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata. Yajin ɗalibai na kwalejin San Francisco a 1968 ya haifar da sashen nazarin tarihi da al'adun baƙar fata, sauran jami'o'i kuma suka bi sahu. Maƙwabciyar Amurka, watau Kanada, ta mai da aƙidar manufar gwamnati a 1971, ta kuma zartar da doka a kanta a 1988.

3.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

3.1 Kau da Ido

Bahaushe ya ce, sanin hali ya fi sanin kama, kuma babu mai hankalin da zai musa wannan. Tambayar ita ce, shin umurtar mutum da ya daina ganin kama yana kai shi ga sanin hali?

A 2004 Richeson da Nussbaum sun raba ɗalibai farar fata gida biyu, suka ba kowane gida takardar da ke yabon ɗaya daga cikin aƙidojin, sa'an nan suka auna ra'ayinsu game da baƙar fata. Waɗanda suka karanta takardar kau da ido su suka fi nuna fifita jinsinsu. A 2006 Norton da abokan aikinsa suka shirya wani wasa na hotuna, inda mutum zai yi ta tambaya har ya gano hoton da abokin wasansa ya riƙe. Tambayar launi tana gaggauta cin wasan, amma farar fata da yawa suka kauce mata idan abokin wasan baƙi ne. Sakamakon haka wasan ya yi musu tsawo, suka rage haɗa ido da abokin, masu kallo kuma suka ga sun rasa fara'a. Da aka gwada irin wannan wasa a kan yara a 2008, 'yan shekara 8 zuwa 9 sun fi 'yan shekara 10 zuwa 11 ƙwazo, domin manyan sun riga sun koyi cewa ambaton launi abin kunya ne. Watau abin da suka koya shi ne kame baki, idonsu kuwa yana nan yana gani.

Gwajin da ya kamata malamai su fi lura da shi shi ne na Apfelbaum da abokan aikinsa a 2010. An karanta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 11 labarin wata malama mai son daidaito. A wajen wasu malamar ta ce launi ba kome ba ne, a wajen wasu kuma ta ce bambanci abin girmamawa ne. Daga nan aka ba su labaran faɗan yara, ciki har da wanda aka cuci yaro ƙarara saboda launinsa. Yaran da aka koya wa kau da ido sun fi kasa gane cutar, kuma yadda suka ba da labarinta bai cika tunzura malamai su ɗauki mataki ba. Lalle ne, makarantar da ke bin wannan hanya za ta ga ƙararraki sun ragu, ta ɗauka ƙyama ce ta ragu, alhali harshen kai ƙarar ne aka ɗaure.

3.2 Girmama Bambanci

Ita ma wannan aƙida ba ta tsira daga aibi ba. Binciken Wolsko da abokan aikinsa na 2000 ya nuna cewa waɗanda aka kwaɗaitar da ita sun ƙara kyautata zato ga wasu jinsuna, amma kuma sun ƙara yi musu kuɗin goro, suna auna mutum ɗaya da abin da aka san jama'arsa da shi. Yabon da ake yi wa jinsi sukutum, a ce waɗannan gwanayen kiɗa ne, waɗancan gwanayen lissafi, shinge ne ga wanda ya fito daga cikinsu da wata baiwa dabam. Har ila yau, Plaut da abokan aikinta sun nuna a 2011 cewa farar fata da yawa suna jin ba da su ake ba idan ana zancen al'adu iri-iri. Wanda ya ga an ware shi daga biki kuwa da wuya ya yi wa bikin fatan alheri. Daɗin daɗawa, a makarantu da yawa aƙidar takan tsaya ne a ranar tufafi da abinci da rawa, ba ta taɓa maganar gidaje da albashi da kurkuku ba.

4.0 Tarke

Abu na farko da za a lura da shi shi ne raunin hujjojin kansu. Akasarin gwaje-gwajen nan an yi su ne a kan ɗaliban jami'a ko yara ƙalilan, da takarda guda wadda aka karanta cikin 'yan mintoci, aka kuma auna sakamakon nan take. Ƙyamar da aka yi ƙarnuka ana shukawa ba a gane tsawon saiwarta da irin wannan awo. Saboda haka gwaje-gwajen ishara ce mai amfani, amma ba su isa yanke hukunci na ƙarshe ba.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne masu jayayyar sun cuɗa ayyuka uku wuri guda: aikin mai yanke hukunci, da aikin mai bin diddigi, da aikin mai tarbiyya. Binciken Bertrand da Mullainathan na 2004 zai fayyace wannan. Sun aika da takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a biranen Boston da Chicago, wasu da sunayen da aka san farar fata da su, wasu da na baƙar fata, alhali cancantar iri ɗaya ce. Takardu masu sunayen farar fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Darasi biyu ne a nan. Da an rufe sunayen a lokacin tantancewa, da cutar ba ta sami ƙofa ba. Wannan hujja ce ga kau da ido. Amma da masu binciken ba su ƙidaya sakamakon bisa launi ba, da babu wanda zai san an yi cutar. Wannan kuma hujja ce ga duban bambanci. Ashe mai gyaran takardar jarrabawa ya kamata a ɓoye masa sunan ɗalibi, shi kuwa mai duba sakamakon makaranta wajibi ne ya san su wa suka faɗi. Malamin da yaro ya kawo wa kuka kuwa ba shi da halin kau da ido ko kaɗan.

Abu na uku, aƙidojin biyu duk wa'azi ne, kuma wa'azi kaɗai bai cika sauya zuciya ba. Tun a 1954 Gordon Allport ya bayyana cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan an cika sharuɗɗa huɗu: daidaiton matsayi, da manufa guda, da taimakon juna, da goyon bayan hukuma. A 2006 Pettigrew da Tropp suka tattara bincike 515, suka tarar cewa galibi cuɗanya tana tafiya tare da raguwar ƙyama. Mai karatu Bahaushe zai tuna da wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarabawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya irinsa na ƙasar Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. A wannan wasa ana ambaton bambanci ɓaro-ɓaro, amma ba ya zama zagi, domin an riga an yarda cewa abokan wasa tsaran juna ne. Sai dai ba za a kwashi wannan misali a kai Amurka yadda yake ba, domin can tsakanin jikan ubangida ne da jikan bawa, kuma sharaɗin daidaiton matsayi shi ne ainihin abin da ake nema.

5.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda aƙidar kau da ido ta faro a matsayin kariya ga baƙar fata, da yadda gwaje-gwaje suka nuna tana iya hana gane zalunci. Mun kuma ga aƙidar girmama bambanci tana kyautata zato, amma tana iya ƙulle mutum cikin jinsinsa. Ra'ayinmu shi ne a kau da ido a lokacin yanke hukunci a kan mutum ɗaya, a zuba ido sosai a lokacin auna abin da hukunce-hukuncen suka haifar ga jama'a, sa'an nan a koya wa yara kalmomin da za su kira cuta da sunanta. Duk wannan kuwa ba zai wadatar ba sai an haɗa yaran a aji ɗaya, a kan aiki ɗaya, da daraja ɗaya. Ya rage ga manazarta harshe da al'ada su bincika yadda ake ambaton bambancin jinsi a harsunanmu, da lokacin da ambaton yake zama wasa, da lokacin da yake zama gori.