Zanen Aro a Sashen Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatun sashen Turanci yana buɗe kundayen digiri na biyu ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da zan faɗa. Bango iri ɗaya, babi biyar iri ɗaya, kuma sau da yawa tunani iri ɗaya. A ɗauko littafi, a ɗauko ra'in wani Bature, a ɗora wannan a kan wancan, a kammala da cewa ra'in ya dace. To, me aka gano?

Mu ɗauki Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, ta faɗa soyayya da Reza, matashi ɗan daba. A ƙarƙashin wannan soyayyar akwai miki: ɗanta na fari da ya mutu, wanda alkunya ta hana ta kiran sunansa ko nuna masa ƙauna. Ɗalibar da ta tashi a Kano ko Zariya ta san wannan alkunyar tun kafin ta iya karatu. Wataƙila ita ma 'yar fari ce, tana ganin yadda mahaifiyarta ke kauce wa sunanta. Amma idan ta zo rubuta kundi, sai ta ajiye saninta a ƙofa, ta cika shafuka da Freud. Ba laifi ba ne karanta Freud. Laifin shi ne a bar shi ya yi magana shi kaɗai, alhali mai rubutun ta fi shi sanin gidan da labarin ya faru.

Ba ɗalibi kaɗai za a ɗora wa ba. Malamin da ke duba kundi yana koyar da ajin digiri na farko, yana makin jarrabawa, ga taron sashe, ga ɗalibai jere a ƙofar ofis. Idan babi ya iso teburinsa, jan biro yakan ƙare a kan nahawu da waƙafi, domin Turanci harshe na biyu ne ga yawancin ɗaliban, wasu ma na uku. Kafin a gama gyaran jimla, lokacin tambayar "mene ne hujjarka?" ya wuce. Ga yajin aiki: na 2022 ya cinye wata takwas. Ɗalibin da ya dawo bayan irin wannan hutun dole ba ra'ayi yake nema ba, sa hannu yake nema.

Gyaran yana farawa ne daga ganawar farko. Kafin a ambaci sunan kowane ra'i, malami ya ce wa ɗalibi: faɗa mini, da Hausa ma idan ka ga dama, me ya dame ka a littafin nan? Wanda ya kasa amsawa da harshensa, Turanci ba zai amsa masa ba. Wanda ya amsa kuwa, ya samu kundinsa. Sai a nemo ra'in da zai yi masa hidima, ko ma wanda zai yi jayayya da shi.

The Stillborn na Zaynab Alkali yana hannunmu tun 1984. An sha ɗora masa ra'in matantaka. Har yanzu yana jiran ƙarin masu karanta shi da idon 'yan gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara.