Umarni Ɗaya ga Na'ura Dubu: A Rage Gaggawa

Mai kula da sabobi a banki ko kamfanin sadarwa ya daina bin na'urori ɗaya bayan ɗaya yana gyara saiti. Saba guda ta ƙarfe ana rarraba ta da manhaja irin VMware ko KVM ta zama kwamfutoci masu yawa, kowace tana aiki kamar mai zaman kanta, su ne ma'aikata ke kira VM. Idan sun kai ɗari biyar kuma ana son rufe wata kafa a kowace, sai a rubuta umarnin sau ɗaya a fayil, a miƙa wa Ansible ko PowerCLI, kafin a sha shayi an gama.

Ina goyon bayan wannan hanya ƙwarai. Mark Burgess ya fara CFEngine, manhajar irin wannan aiki, a Oslo tun 1993, Puppet ta zo a 2005, Ansible a 2012, duk don hannun ɗan Adam yana gajiya kuma yana mantuwa. A watan Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa: ma'aikaci ya saka sabuwar manhaja a sabobi bakwai, ta takwas ta tsallake masa. Cikin minti 45 an yi asarar fiye da dala miliyan 400. Wanda ke cewa aikin hannu ya fi aminci, ya tuna da wannan.

Abin da ke damuna shi ne alfaharin da ya shigo sana'ar. Matashi zai ce maka ya canza na'ura dubu da layi ɗaya, kamar saurin shi ne gwanintar. Wani ma daga intanet ya kwaso umarnin, bai karanta shi ba. To, umarnin da ke gyara dubu a minti ɗaya, a minti ɗayan zai kashe dubu.

Ranar 28 ga Fabrairun 2017, wani injiniyan Amazon ya bi tsarin da aka saba don cire 'yan sabobi kaɗan daga S3, tsarin ajiyar bayanai na kamfanin, a cibiyarsu ta arewacin Bajiniya. Ya yi kuskure wajen shigar da abu ɗaya, umarnin ya cire fiye da yadda aka nufa, shafuka da manhajoji barkatai suka tsaya na wajen awa huɗu. Abin da kamfanin ya yi daga baya shi ya fi burge ni. Ya gyara manhajar cire sabobin ta yadda za ta riƙa cirewa a hankali, kuma ta ƙi bin duk umarnin da zai rage sabobi ƙasa da adadin da aiki ke buƙata. An sa wa kayan aikin linzami ke nan, maimakon a zauna ana fatan kada yatsa ya sake zamewa. A Yulin 2024 kuma sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike da aka saki lokaci guda ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5.

Kayan kariyar suna nan, kyauta ne, rashin haƙuri ne ke hana amfani da su. Ansible tana da yanayin gwaji da zai nuna maka abin da zai canza ba tare da ya taɓa komai ba. Tana ba ka damar tafiya rukuni-rukuni, ta kuma tsaya da kanta idan waɗanda suka gaza sun wuce iyakar da ka sa. Mai girki ma sai ta ɗanɗana miya kafin ta zuba wa baƙi.

Shugabannin sassan fasaha, wannan a wuyanku yake. Kada ku bar umarni ya fita sai an ajiye shi a Git, wani ma'aikacin ya karanta shi, an gwada a na'ura biyu ko uku, an kuma rubuta yadda za a koma baya idan ya ɓaci. Ku daina yaba wa wanda ya fi kowa sauri, ku tambaye shi na'ura nawa ya fara gwadawa.