RIJIYA TA BA DA RUWA, GUGA YA HANA: Sharhi a Kan Mujallun Malamai na Intanet

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Acika, cikin ƙasar Wudil, na tarar an danƙa wa wani kawuna, malamin firamare, makullin kabad ɗin littattafan makarantarsu. Watau dai ya zama mai kula da laburare ke nan, alhali bai taɓa koyon aikin ba. Ya ce da ni, "Ɗana, ku da kuke jami'a, na ji an ce akwai mujallu a intanet da ake yi don irinmu. Duba mini yadda zan tsara littattafan nan, da yadda zan hana gara cinye su." Muka zauna a gindin darbejiya inda waya ta fi samun sabis, muka yi yammaci biyu muna lalube. Abin da muka gani shi ya haifar da wannan 'yar maƙala, kuma zan auna mujallun da ma'aunin da malamanmu suka koya mana na nazarin adabi, watau jigo, da zubi da tsari, da salo.

Yabon Gwani

Kafin suka, yabon gwani ya zama dole. Rumbun nan mai suna African Journals Online, wanda aka fara a 1998, ya tara ɗaruruwan mujallun ilmi na Afirka wuri guda, kuma da yawa daga cikin maƙalunsa kyauta ake karantawa. A ciki muka sami Nigerian School Library Journal, ta ƙungiyar laburaren makarantu ta Nijeriya da aka kafa a 1977, da Samaru Journal of Information Studies ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A da sai mutum ya yi tattaki zuwa Kano ko Zariya kafin ya ga bangon irin waɗannan. Yau ga su a tafin hannun malamin ƙauye. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Jigo

To amma me suke cewa? Yawancin maƙalun da muka buɗe jigonsu ɗaya ne: makarantu ba su da laburare, inda akwai kuma babu littattafai, babu ƙwararren ma'aikaci. Gaskiya ne. Sai dai wa ake ba labari? Kawu ya yi dariya ya ce, "Ashe sai an yi bincike kafin a san kabad ɗina ba kome?" Mai ciwo ya zo neman magani, an zaunar da shi ana kwatanta masa ciwonsa. A ganina marubutan ba kawu suke hange ba a lokacin da suke rubutu. 'Yan'uwansu masana suke hange, da kwamitin ƙarin girma na jami'a, wanda yake ƙirga yawan maƙalun da malami ya buga. Ba laifi ba ne mutum ya nemi ƙarin girma, amma ya kamata mu kira abu da sunansa: rubutu ne a kan malaman makaranta, ba rubutu ne domin su ba.

Zubi da Tsari

Zubin kuwa kamar da ƙwarya ɗaya aka auna su. A fara da gabatarwa, a jero sunayen magabata, a ce an raba takardun tambayoyi, a kawo jadawalin alƙaluma, sa'an nan a rufe da shawara cewa gwamnati ta ƙara kuɗi. Wannan tsari yana da amfaninsa wajen tabbatar da hujja, amma ga malamin da yake jan shafi ashirin a fuskar 'yar ƙaramar waya, datarsa tana zurarewa, wahala ce. Daɗin daɗawa, ban ci karo da sharhin littafin yara na Hausa ko ɗaya ba a cikin abin da muka duba. A Amurka akwai School Library Journal, wadda ta samo asali tun 1954, kuma babban aikinta shi ne sharhin sababbin littattafan yara tare da faɗin shekarun da suka dace da su. Mu wa zai gaya wa kawu ko Ruwan Bagaja ya yi wa 'yan aji huɗu nauyi, ko wane labari ne a Magana Jari Ce ya fi daɗin karantawa a bayyane, ko kuwa wanne ne cikin littattafan marubutan Kano na zamani za a iya miƙa wa yaro hankali kwance?

Salo da Harshe

Nan ne gizo yake saƙa. Duk maƙalun da muka buɗe da Turanci suke, kuma ba Turancin aji ba, irin mai nauyin nan da ni kaina ɗan jami'a sai na nemi ƙamus. Mu 'yan sashen Hausa ma kada mu yi saurin wanke kanmu. Muna da mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, inda ake zurfafa bincike a kan nahawu da waƙa, amma wa muka tanada ya sauko da wannan ilmi zuwa ga mai riƙe da alli?

Waiwaye

Magabatanmu sun fi mu gane wannan. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam ya yi wa mai karatu magana kamar suna zaune a dandali. A zamanin Yaƙi da Jahilci kuwa, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Ba su da intanet, amma sun san wanda suke yi wa rubutu.

Kammalawa

Daga ƙarshe wani tsohon hedimasta mai ritaya ne ya warware wa kawu matsalarsa cikin 'yan mintoci: a ɗora kabad a kan bulo, a janye shi daga jikin bango, a riƙa fito da littattafai ana karkaɗewa, a tsaga layuka a littafin rubutu ya zama rijistar aro, kowane littafi da lambarsa. Wannan ilmi bai kai shafi biyu ba, kuma ranar da tsohon ya kau, da shi zai tafi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta keɓe shafi a kowace fitowa domin malaman makaranta: gajeren bayani da Hausa tsantsa, da sharhin littafi guda, a kuma naɗi muryarsa a tura ta waya. Haka nan ina roƙon malamanmu, duk wanda ya buga maƙala a kan makarantu ya taƙaita ta da Hausa a shafi ɗaya. Rijiyar tana da ruwa, guga ne babu, kuma mu aka koya wa ɗinka shi. Allah ya sa mu dace, amin.