TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙorafi ne, kuma a kan ƙanwata na gan shi.

Yarinyar tana aure a Gwaram, ta gama sakandare, ta ce ita fa sai ta koyi gina shafin intanet. Na ce madalla. Wata uku bayan nan ta zo mini Birnin Kudu ido ya yi zuru-zuru, wayarta cike da bidiyon darasi, wannan malami ya ce Python ce gaba, wancan ya ce in ba React ba ɓata lokaci ne, wani kuma ya karɓi kuɗinta a kan zai mai da ita gwana cikin sati biyu. Na ce, "To nuna mini shafi ɗaya da kika gina." Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ni dai ina ga ƙwaƙwalwata ce ba ta ja."

Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai, domin kuwa ba laifin ƙwaƙwalwarta ba ne. Laifin masu koyarwar nan ne da suke zuba wa ɗan koyo sunaye goma a rana ɗaya don a ce sun sani, alhali ba su gaya masa daga inda ake farawa ba. Wanda ya haƙa rijiya goma kowace gaba ɗaya, ai da ƙishirwa zai kwana.

Ita kuwa hanyar ba ɓoyayya ba ce, hawa uku ne. Na farko HTML, shi ne tubalin gini, shi ke cewa nan take ne, nan hoto ne, nan sakin layi. Na biyu CSS, wato yaɓe da fenti, launi da tsari. Na uku JavaScript, shi ke sa abu ya motsa in an taɓa. Ita React ɗin da ake tsorata yara da ita, a kan JavaScript aka gina ta, to yaya za a ɗora rufi ba bango? Kuma akwai wurare irin su freeCodeCamp, wanda aka kafa a 2014, da suke koyar da ukun nan a jere ba ko sisi, sai dai kuɗin data da haƙurin Turanci.

Kada kuma wani ya ce mana abin na manyan birane ne. A watan Agustan 1991 Tim Berners-Lee ya sanar wa duniya yanar gizo, a cikin watan nan kuma aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Sa'o'in juna ne, ba wanda ya girmi wani. Ga makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, ga kuma Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa masu kai ba.

Sai na ce da ita ta goge bidiyon nan duka, ta bar darasi ɗaya, sannan ta gina wa maƙwabciyarta mai ɗinki shafi, da hoton kaya uku da farashinsu. Ran da ta fara buɗe shi, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai suka fito kamar rubutun aljanu. Ta bugo mini waya tana shirin kuka. Kwana biyu tana lalube kafin ta gano layi ɗaya ne tak ya rage a saman shafin, wanda ke gaya wa kwamfuta ta karanta haruffa da tsarin UTF-8. Tana sa shi, Hausa ta zauna daram. Tun daga ranar muryarta ta canja, domin abin da ka gyara da hannunka babu mai ƙwace maka shi.

Ni ma haka na fara. Littafina na farko a littafin rubutun makaranta na gama shi, cike da kurakurai, amma dai na kai ƙarshe. Iyayenmu su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, da sun tsaya jiran sai sun gamsar da masu kiran aikinsu adabin kasuwa, da yau ba mu da abin karantawa.

Don haka 'yar'uwa, ki zaɓi hanya ɗaya ki toshe kunnenki wata uku. Ku kuma malamai masu kwas, ku ji tsoron Allah, kuɗin da yarinya ta tara daga adashe ba na wasa ba ne. Allah Ya sa mu dace, amin.