Iri Na Shida A Kartar Whot: Ina Takinsa?

Idan kaka ta yi a Malumfashi, aka gama ɓarar masara, buhuna suka shiga sito ko suka hau mota zuwa Funtua, sai majalisu su cika. Bayan isha'i, a gefen teburin mai shayi, ana tarar da samari huɗu ko biyar a kan benci, an kifa kwali a tsakiya, fitilar waya tana haska shi, ana buga Whot. "Fik tu!" "Je kasuwa!" "Las kat!" Kartar ta sha hannu har ta yi laushi kamar tsohuwar naira ɗari, kuma kowa ya gane tauraro mai lamba 7 tun daga baya, domin kunnensa ya karye tun bara.

A irin wannan majalisa ce wani ɗalibi da ya dawo hutu daga Zariya ya zaro sabuwar karta daga aljihu, mai suna Uno, ja da kore da shuɗi da rawaya, tana ɗaukar ido.

"Yaya, wallahi taku ta tsufa," in ji shi. "Launi ɗaya tal, kamar an jiƙa ta da ruwan goro. Ko a waya yanzu Whot launi-launi take zuwa. Me zai hana mu ɗebi kore daga nan mu zuba a ciki, ya zama iri na shida?"

Wanda ake kira Yaya bai ko ɗago kai ba. Ya tsinke katinsa a kan kwali, ya ce, "Ƙanena, zauna ka ci mu sau ɗaya tukuna, sannan ka gyara mana karta."

An yi dariya, amma gardamar ba ta mutu a nan ba, kuma ba ta wannan majalisa kaɗai ba ce. Duk inda wayar hannu ta shigo da wasanni masu ƙyalƙyali, sai a ji samari suna son ƙara wa tsohuwar karta wani abu: wasu su haɗa ƙunshi biyu, wasu su ƙago sabuwar doka, wasu su nemi ƙarin launi. Matsalar ita ce abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai shafa wa irin da ake da shi launi don ido ya huta, akwai kuma ƙara sabon iri gaba ɗaya. Na farko gyara ne. Na biyu, a ganin mai wannan rubutu, ɓarna ce, kuma lissafi ma yana bayan wannan ra'ayi.

Whot ba 'yar gida ba ce, ko da yake ta zama. Wani Bature mai suna William Henry Storey, mutumin Southend-on-Sea a Ingila, shi ya yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓi buga ta. A can ta yi zamaninta ta lafa, a Nijeriya kuwa ta samu gindin zama har ta yi dokokinta na kanta: 1 tsaya, 2 ɗauki biyu, 5 ɗauki uku, 8 a tsallake na gaba, 14 kowa ya je kasuwa.

Abin da mafi yawan masu buga ta ba su taɓa tsayawa sun ƙirga ba shi ne, ba a raba katunan nan 54 daidai ba. Ƙwallo 12 ne, mai kusurwa uku 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7 kacal, sai Whot mai lamba 20 guda biyar. Babu 6 babu 9 a ko'ina. Tauraro ba ya wuce 8, saboda haka ba shi da 14, kuma a wajen ƙirga a ƙarshen wasa ninka lambarsa ake yi. Wannan rashin daidaito shi ne gishirin wasan. Idan ƙwallo ne a ƙasa, mai kati biyar a hannu yana da kusan kashi 70 cikin 100 na samun ƙwallo a cikinsu. Idan tauraro ne, sai abin ya faɗo zuwa kashi 47. Shi ya sa tsohon hannu, idan ya jefa 20 a lokacin da abokin karawa ya ce "las kat", ba ya dogon tunani, tauraro yake kira. Bai karanta lissafin a littafi ba, shekaru ne suka koya masa.

Uno kuwa, wadda wani wanzami Ba'amurke mai suna Merle Robbins ya ƙago a jihar Ohio a 1971, an gina ta ne a kan daidaito: a cikin katunanta 108 na asali, kowane launi 25 ne, sai takwas marasa launi. Wasa ce mai daɗi, yara suna son ta, amma babu launin da ya fi wani wuyar samu, saboda haka wancan makamin na tsohon hannu babu shi. Kowace da ginin da aka yi mata.

Wani wurin da aka daɗe ana tafka wannan muhawara ta ƙarin launi shi ne wajen masu buga Magic: The Gathering, wasan da wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya tsara, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Amurka a 1993. Ita ba a raba wa kowa daga ƙunshi ɗaya. Mutum yana sayen katuna, yana musaya da abokai, ya harhaɗa tasa rundunar ta aƙalla kati 60, ya zo ya kara da ta wani. Launuka biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Kuma ga inda manomin Malumfashi zai ji kamar da shi ake: ba a iya buga kati sai an biya kuɗinsa da katin ƙasa mai launinsa. Fari daga fili yake fitowa, shuɗi daga tsibiri, baƙi daga fadama, ja daga dutse, kore daga daji. Mai jan kati a hannu wanda bai da dutse a gabansa, sai dai ya riƙe shi yana kallo.

A cikin kati 60, kimanin 24 ake ware wa ƙasa. Mai launi biyu zai iya raba su 12 da 12. To sai ya ga wani kati mai ƙarfi na launi na uku, ransa ya biya, ya ce bari ya ɗan yayyafa shi a ciki, ya ware masa ƙasa uku. Masu wasan suna da suna na musamman ga wannan dabara, mai ma'anar fantsama ruwa, kuma sun shafe shekaru suna jayayya a kanta. Lissafin dai ba ya jayayya. A cikin kati goma na farko da za su zo hannu, damar ganin aƙalla ɗaya daga ƙasa 12 ta haura kashi 90 cikin 100. Damar ganin ɗaya daga ƙasa uku kuwa kashi 43 ce. Wato fiye da rabin lokaci, katin nan da aka yi kwaɗayinsa zai zauna a hannu ba amfani. Ba a nan asarar ta tsaya ba, domin ƙasa ukun nan daga cikin 24 ɗin aka yanko su, launuka biyun asali ma sun rage ƙarfi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Gwanayen wasan ba su haramta yayyafin ba. Sharuɗɗa suka sa masa: katin ya kasance mai juya wasa, kada ya buƙaci fiye da ƙasa ɗaya ta launinsa, ya zama yana da amfani ko da ya zo a makare, kuma a samo katunan ƙasa masu ba da launi biyu a lokaci guda. A taƙaice, a shigo da sabon launi tare da abin ciyar da shi.

Mutumin da ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Malumfashi, Bakori ko Kafur ya san wannan tun kafin a haifi Garfield. Gauraya dawa da wake a gona ɗaya tsohuwar hikima ce, domin wake ba ya ƙwace abincin dawa, ƙara wa ƙasa ƙarfi ma yake yi. Amma wanda yake da taki buhu biyu, ya tashi ya cusa masara da auduga da barkono a gonar da ba ta kai eka biyu ba, don kawai ya ga maƙwabcinsa ya sami kuɗi a barkono bara, shi ne zai zo kaka da kaɗan-kaɗan na komai, babu abin da ya cika buhu. Masara kanta baƙuwar launi ce a manyan gonakin yankin nan. A da dawa da gero da auduga ne sarakai, masara kuwa ta bayan gida ce. Ta mamaye fili ne bayan shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da Malumfashi. Ta zauna ne saboda ba ita kaɗai ta zo ba: ta zo da ingantaccen iri, da takin zamani mai rangwame, da hanyoyin karkara da wuraren sayar da kayan noma. Da takin ya yi tsada kuwa, ga shi ana ganin manoma suna karkata ga waken suya da dawa, masu haƙuri da ƙaramin ci.

Su kansu masu kamfanin Magic sun taɓa zama a kan batun launi na shida. Lokacin da ake tsara jerin katunan Planar Chaos da ya fito a 2007, an kawo shawarar launin shunayya, aka gwada, aka ajiye. Kamfanin da cinikinsa shi ne sayar da sabbin katuna, wanda ya fi kowa riba idan an ƙara launi, shi ne ya ja da baya. Fiye da shekara talatin ke nan, launuka biyar ɗin ne dai.

Akwai waɗanda ba su ja da baya ba, kuma labarinsu ya fi koyarwa. A 1937 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Biyana na Austiriya, Walter Marseille, ya ƙara iri na biyar a kan kartar nan mai 52 da kakanninmu suka sani, mai kubi da zi, don wasan da Turawa ke kira birij. Katuna suka koma 65. A 1938 abin ya zama yayi a Ingila da Amurka, a Ingila aka sa wa sabon irin hoton kambin sarauta, a Amurka hoton gaggafa, kamfanoni suka buga, jaridu suka yi ta yayatawa. Ba a je ko'ina ba aka watsar. Kati 16 sun yi wa hannu yawa, kuma kan da ya saba riƙe lissafin iri huɗu ya kasa ɗaukar biyar. Yau galibi a wajen masu tara kayan tarihi ake ganin ƙunshin wancan zamani.

To a dawo kan bencin mai shayi. A ce an bi shawarar ɗalibin nan, an zuba kore guda tara. Katuna sun koma 63. Damar mai kati biyar ta samun ƙwallo ta sauko daga kashi 70 zuwa 64, ta tauraro daga 47 zuwa 41. Whot mai 20 tana nan biyar, amma yanzu a cikin taro mafi girma, sai ta ƙara wuyar zuwa, alhali ita ce mai ceto idan hanya ta toshe. Sakamakon shi ne yawan zuwa kasuwa, hannu ya cika, wasan minti biyar ya koma na kwata, masu jiran layi su gaji su tashi. Mafi muni, ƙirga abin da ya fita da abin da ya rage, wanda shi ne ya raba gwani da ɗan koyo, zai fi ƙarfin kai, wasan ya koma sa'a zalla. Haɗa ƙunshi biyu ma kusan haka yake yi: fik tu goma a wasa ɗaya ba gwaninta ba ce, hayaniya ce.

Wasan da ya koma sa'a zalla kuwa ya matso kusa da abin da iyaye da malamai suka daɗe suna ƙyamar karta saboda shi, wato caca. Majalisar da ake bugawa don raha da gwada kaifin kai tana da abin karewa a nan.

Amma a ba ɗalibin gaskiyarsa, rabin maganarsa daidai ce. Duk wanda ya taɓa buga tsohuwar Whot da dare a hasken waya ya san yadda kafet da kuros ke rikicewa, da yadda rigima ke tashi a kan katin da aka ce an jefa bisa kuskure. A ba ƙwallo launinsa, kafet nasa, tauraro nasa, babu lissafin da ya canza ko da ɗigo ɗaya. Masu buga karta a intanet sun daɗe da yin haka da ƙunshi mai 52, suka mai da irinsa huɗu launi huɗu maimakon ja da baƙi, don kada ido ya yaudari hannu a ƙaramin allo. Sharaɗi ɗaya ne: kada launi ya kori siffa. Whot ta fi Uno a nan tun asali, domin wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore yana buga ta ba tare da taimakon kowa ba, ita kuwa Uno sai a 2017 aka fitar da wadda aka yi wa alamomi domin irin waɗannan mutane.

A daren nan dai ɗalibin ya zauna, aka raba masa biyar. Ya kai "las kat" sau biyu, sau biyun Yaya yana jefa 20 yana kiran tauraro, shi kuwa yana tafiya kasuwa.

Masu buga karta da masu tsara ta a waya, ku shafa wa iri biyar ɗin nan launi yadda kuke so. Amma ku bar su biyar, ku bar katunan 54, tauraro kuma ya ci gaba da zama bakwai.